Alhaji Danna da Ƙofarsa Mai Jin Magana

Allah ya yi wa garin Keffi baiwar mutane. Muna da malamai waɗanda ake tasowa daga nesa a ɗauki karatu a gabansu. Muna da 'yan boko da suka yi koleji tun Turawa suna nan. Muna da fatake da suka san hanyar Lakwaja fiye da tsakar gidansu. Amma duk cikinsu ba a taɓa samun wanda ya kashe fitila yana kwance ba. Wannan daraja sai da garin ya jira shekarar 1978, ya kuma jira Alhaji Zailani na unguwarmu, Liman Abaji.

Mahassada za su gaya maka wai da can ɗan akawun sito ne, aikinsa tsaron shebur da baro. Za su ce da kuɗin mai ya ɓalle sai ya samu kwangilar kwalbati goma sha biyu a wata hanyar ƙauye, ya gina bakwai, damina ta tafi da huɗu. Kada ka saurare su. Ukun da suka rage suna nan daram, hanyar ce dai ta kauce musu.

Abin da ba mai musu a kansa shi ne Alhaji ya je Jamus. Sayen mota ya kai shi, sati biyu ya yi, ya dawo da Marsandi, da baƙin tabarau, da laƙabin Injiniya. A can ne, a wani otal, ƙofar gilashi ta gan shi ta buɗe da kanta. Ya shiga, ya fito, ya sake shiga, har sau tara, sai da wani ma'aikaci ya zo ya tambaye shi ko ya yar da wani abu ne. Tun ranar Alhaji ya gano ciwon da ke damunmu, kuma bai yi mana rowa ba. Yana dawowa ya bayyana shi a majalisar da muke zama bayan la'asar.

"Tashi," in ji shi. "Tashi shi ne ya hana mu ci gaba. Kana zaune, a ce tashi ka kunna fitila. Ka zauna, a ce tashi ka buɗe ƙofa. Yaushe za ka samu lokacin tunani? Bature ya daina tashi tuntuni, shi ya sa ya je wata. Ni zan koya wa garin nan yadda ake zama."

Muka ce Allah ya taimaki Injiniya.

Bayan wata uku akwatuna suka iso daga Legas a bayan tirela, tare da wani Bature mai jan wuya. Kwana biyar ya yi yana huda bango yana jan waya. Aka cire tsohon ƙyauren gidan, aka kafa get na ƙarfe mai tafiya a kan layi kamar jirgin ƙasa. Aka ƙara wa katanga tsawo, aka jera mata fasassun kwalabe. Fitilu, fankoki, talabijin, labulen falo, har famfon da ke tura ruwa cikin tanki, duk aka haɗa su da wani akwatin ƙarfe a zaure, aka garƙama masa kwaɗo. Akwatin nan kuwa ba ya jin maganar kowa sai ta wata 'yar baƙar na'ura, girman sabulun wanki, mai maɓalli goma sha biyu. Babu waya tsakaninsu. Ka danna a nan, abu ya motsa a can. Sunanta rimot, in ji Alhaji. Kafin sati ya zagayo unguwa ta raɗa masa Alhaji Danna. Ya ji, ya ɗauka yabo ne.

Wanda ya riƙe wa Baturen tsani shi ne Boaz, mai gyaran wutar unguwarmu, mutum mai sanyin magana, wanda ya ja wayar rabin gidajen Liman Abaji. Ranar da Bature ya tafi, ya bar littafin bayani da Jamusanci, Boaz ya sami Alhaji a ƙofar gida ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau. Amma da an bar makunnin hannu a kowane ɗaki. Ƙaramar ƙofar nan ta baya ita ma a bar ta da sakatarta. Kayan wuta ba su da alkawari."

Alhaji ya zare tabarau ya dube shi da tausayi.

"Boaz, ka taɓa shiga jirgin sama?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ni na shiga. Ban ga sakata ba. Gidan da ke da makunnin hannu, gida ne da bai yarda da kansa ba. A cire su duka. Ƙofar baya kuma a toshe ta da bulo."

Aka cire, aka toshe. Rimot biyu Bature ya bari. Ɗaya yana aljihun Alhaji. Ɗayan, saboda tsaro, aka kulle shi a akwatin ƙarfen ɗakinsa, makullin kuma yana aljihun Alhaji, kusa da na farkon.

Mutum biyu ne suka fi kowa shan romon wannan ci gaba: matarsa Huraira, da mahaifiyarsa Inna Hajo. Idan Alhaji ya fita da safe fanka tana juyawa, haka za ta yi ta juyawa har ya dawo, ko da mura kake. Idan ya manta bai danna famfo ba, sai a ɗaga wanki, a yi alwala da ruwan randa. Baƙo ba ya shiga sai maigida yana nan, na ciki ba ya fita sai maigida ya ga dama. Mai tallan alayyahu ta koyi jefa ƙulli ta saman katanga, har ta ƙware, ba ta kuskuren tsakar gida.

Inna Hajo kuwa, da yake uwa ce, an yi mata gata na musamman. An sa mata fitila mai jin tafi. Ki tafa, ta kama. Ki sake tafawa, ta mutu. Sai dai fitilar ba ta san tafin Inna da na sauran duniya ba. Inna ta kashe sauro, ɗaki ya yi duhu. Buta ta faɗi, ɗaki ya yi haske. Ranar da aka yi biki a maƙwabta, 'yan mata suna gaɗa, ɗakin tsohuwa ya yi ta walƙiya kamar farkon damina. Da ta gaji sai ta ɗauko tsohuwar fitilarta ta ƙwai ta goge. Alhaji ya shinshino kananzir ya zo ya ɗauke.

"Inna, me za a ce idan baƙi suka ji wannan wari a gidan Injiniya?"

"Ɗan'azumi," in ji ta, sunan da take kiransa da shi tun yana cikin tsumma, wanda ya hana kowa faɗa, "da hannu biyu na haife ka. Ina ka kai su?"

"Zamani ne, Inna."

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci akwai kallo kyauta. Alhaji zai tsayar da Marsandi tun daga bakin layi, ya jira jama'a su taru, ya fito da hannu ta taga, ya ɗaga sama, ya danna. Get ya yi gurnani ya ja da baya. Mu ce, "Ikon Allah!" Shi kuma ya ce, "Da ilimi," don kada a manta da shi.

Matsala ta fara ne ranar da wata motar 'yan sanda ta gifta, jami'in ciki yana magana a rediyon oba-oba. Get ɗin Alhaji ya ji, ya buɗe. Maigida ba ya nan. Awakin unguwa, waɗanda suka daɗe suna leƙen furannin da aka sayo daga Jos, suka shiga suka yi walima. Da labari ya zo majalisa Alhaji bai girgiza ba.

"Ƙofar ta san hukuma," in ji shi. "Haka aka ƙera ta."

Bayan kwana huɗu masu awon hanyar sabon babban birnin tarayya suka wuce da tasu oba-oba, ƙofa ta sake sanin hukuma. Boaz ya yi masa bayani cewa muryar na'urorin ce ta yi kama da ta rimot, kuma akwai yadda ake sauya ta, yana cikin littafin Jamusancin nan. Ya ce a kai wa wani fada na coci da ke jin harshen ya karanta. Alhaji ya ce Injiniya ba ya kai karatu wurin kowa. Ya ɗauki filaya da hannunsa mai albarka, ya datse eriyar da ke kan ginshiƙin get, ya bar ta tsawon ɗan yatsa.

Magani ya ci. Daga ranar ƙofa ta daina jin kowa, har da Alhaji. Sai ya tsayar da mota, ya fito, ya taka, ya manna rimot a jikin ginshiƙi, ya danna, sannan ya tattara babbar riga ya koma da gudu kafin ta rufe. Wannan shi ya kira tsaro mataki na biyu.

A lokacin Keffi tana ƙarƙashin Jos ne, can ake raba kwangila. Alhaji ya ji ƙishin-ƙishin za a gina gidajen manyan ma'aikata, ya ga bai kamata manya su ci gaba da tashi ba. Ya nemi ganin wani babban sakatare, aka ba shi ranar Talata. Huraira kuwa tana cikin wata na tara, cikinta na fari bayan shekara shida da aure. Da asubar Talatar ta same shi yana fesa turare.

"Alhaji, ka bar mana ɗayan rimot ɗin. Tun jiya bayana ke ciwo."

"Likita ya ce saura sati biyu. Maganar likita ilimi ce, ciwon baya kuwa ji ne kawai. Kin taɓa ganin direba ya bar wa fasinja sitiyari? Kafin magariba na dawo."

"To ka bar get ɗin a buɗe."

"Awaki su ƙarasa mini furanni?"

Ya fita, ya manna, ya danna, ƙarfe ya rufe.

Da hantsi naƙuda ta tashi. Inna Hajo ta karɓi haihuwa ba iyaka a rayuwarta, don haka ba ta ruɗe ba da farko. Ta dafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma, tana yi wa surukarta sannu. Amma rana ta take, azahar ta matso, ga jini, ga Huraira ta daina ihu ta koma nishi, abu bai sauko ba. Tsohuwa ta gane wannan ba ta gida ba ce. Ta ɗauki taɓarya ta nufi get, ta shiga dukansa tana kiran maƙwabta da sunayensu.

Wadda ta fara zuwa ita ce Susana, maƙwabciyarsu, tsohuwar nas, wadda muke kira Maman Lea. Mace ce mai jiki, ta haura hamsin. Aka kawo tsani, aka shimfiɗa buhunan gyaɗa a kan kwalaben katanga, ta ɗaure zani ta hau. Kwalba ta tsaga mata dantse, ba ta ko duba ba. Ta dira ciki, ta shiga ɗaki, ba ta yi minti biyar ba ta fito tana magana ta jikin get.

"Yaron a gicciye yake. Asibiti, yanzu yanzu. Ba za a iya ɗaga ta ta kan katanga ba. Ku buɗe ƙofar nan!"

Aka kira Boaz. Shi ma ya haura, ya fasa kwaɗon akwatin zaure, ya tarar da wayoyi sun fi ɗari, kowacce da rubutun Jamusanci. Ya haɗa wannan, labulen falo ya buɗe. Ya haɗa waccan, talabijin ya kama. Get ko gezau. Ya ruga ya duba gindinsa, ya dafe kai.

"Mama, akwai wani hannun ƙarfe da ake ja idan inji ya ƙi. Alhaji ya sa an yanke shi. Ya ce yana ɓata wa ƙofar kyau."

A waje mun kai mu talatin, maza, kowa da shawara. Wani ya ce a aika Jos. Wani ya ce a nemo mai walda daga unguwar Yara. Da aka ambaci fasa katanga sai kowa ya shiga duban ƙasa, don mun san Alhaji da son kotu. Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu duban ƙasan. Sai muka ji muryar Inna Hajo daga ciki, ba ta ma ɗaga ta sosai ba.

"Ni na haifi mai katangar. Ku fasa. Wanda zai kai ƙara ya fara da ni."

Boaz ya ce a zagaya baya, inda aka toshe tsohuwar ƙofa. Aka kawo guduma da diga. A nan ne gwanintar Alhaji ta yi mana rana, domin bulon na kamfaninsa ne. Bugu shida aka yi ya rufta. Ba a tsaya faɗaɗawa ba, rami ne dai daidai ƙugun mutum. Aka ɗora Huraira a kan ƙyauren kicin, aka zuro ta, aka sa a bayan a-kori-kurar Sale mai hatsi. Maman Lea ta hau tana riƙe da kanta, jinin hannunta yana ɗiga a kan zanin mai naƙuda.

Aiki aka yi mata. Aka ciro 'ya mace, da ƙyar ta yi kuka, amma ta yi. Likita ya ce wa Maman Lea da an ƙara awa guda, da wani zancen ake yi.

Shi kuwa Injiniya, a daidai wannan lokaci yana kan benci a barandar ofis a Jos, yana hidimar ƙasa. Awa huɗu ya yi yana jira, kuma bai ɓata ko ɗaya ba. Duk wanda ya gifta, masinja ne ko mai shara, sai ya tsayar da shi ya nuna masa rimot. Ya danna, 'yar jar fitila ta ƙifta.

"Ka ga wannan? Yanzu haka fankar falona ta tashi a Keffi."

Babban sakatare ya ba shi minti huɗu. Don ya rabu da shi, ya haɗa shi da wani ƙaramin jami'i, Mista Wilson, ya ce ya je ya gani da idonsa ya rubuto rahoto.

Bayan la'asar sakaliya Marsandi ta shigo layinmu. Alhaji ya hango taro a ƙofar gidansa, ya gyara hula.

"Ka gani ko, Mista Wilson? Kullum haka suke jirana. Mutanenmu suna da ƙishin ilimi."

Ya fito, ya ɗaga wa jama'a hannu. Wasu suka taso za su yi masa magana, ya dakatar da su, ya ce a bari baƙo ya ga aiki tukuna. Ya yi ɗan jawabi a kan makomar Afirka. Sannan ya taka zuwa ginshiƙi, ya manna rimot, ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ya juya shi, ya buga a tafin hannu, ya danna da babban yatsa biyu. Ko jar fitilar ba ta ƙifta ba. Batir ya ƙare a barandar Jos, wurin tayar da fankar Keffi, kuma irin batirin nan ba a sayar da shi ko a Akwanga. Ya ciro shi, ya lasa, ya mayar. Mista Wilson ya buɗe littafinsa ya cire murfin biro.

A nan Boaz ya samu ya matso.

"Ranka ya daɗe, barka. Madam ta sauka a asibiti. An samu mace. Da ƙyar aka ceto su, amma suna lafiya."

Mun zuba ido mu ga abin da uba zai fara cewa bayan shekara shida yana jira. Alhaji ya dubi Boaz, ya dubi get, ya sake duban Boaz.

"Ta ina suka fita?"

Aka zagaya da shi baya. Da ya ga ramin sai da tabarau ya zame masa.

"Wa ya taɓa mini katanga? Wa? Kun san nawa tsarin tsaron nan ya ci? Wannan ɓarna ce da gangan! Wannan zagon ƙasa ne ga ci gaba! Gobe duk unguwar nan sai kotu!"

Maman Lea, da ta dawo ɗaukar kaya, tana tsaye da bandeji a hannu, ta dube shi sama da ƙasa ta yi tsaki ta wuce. Mista Wilson ya yi gyaran murya, ya tambaya cikin ladabi ko akwai sauran abin da zai gani, don yana so ya kama hanya da sauran haske.

"Akwai!" in ji Alhaji. "Akwai rimot na biyu a ɗakina, sabo fil. Minti biyu. Bari in shiga in ɗauko."

Ya juya zai shiga, sai ya tuna ta inda ake shiga.

Ramin daidai ƙugu ne, Alhaji kuwa Allah ya yi masa tsawo, kwangila ta yi masa faɗi. Ya gwada ta gefe, tumbi ya ƙi. Ya cire hula ya miƙa wa Boaz. Ya naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa. Ya dube mu, muka dubi sama. Sannan a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, Injiniya ya sauka ƙasa, ya dafa garin bulo da tafukansa, ya sunkuyar da kai, ya fara rarrafe. Shaddar ta maƙale a wani gutsuren bulo, muka ji kyaaat. Mista Wilson ya rufe littafinsa, ya tambayi Sale hanyar tasha.

Ta cikin ramin muna hango ƙafafu biyu cikin silifas a tsaye a tsakar gida. Inna Hajo ce, ta dawo daga asibiti ɗaukar zannuwa da ruwan zafi, ƙulli a kanta, tana jira a ba ta hanya. Alhaji ya ɓullo daidai gabanta, a kan gwiwoyinsa, kai a ƙasa, ba hula.

Tsohuwa ta dube shi.

"Lafiya lau, Ɗan'azumi," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka. Rabon da ka durƙusa ka gaishe ni tun kafin kuɗin mai."